Ranar da Motar Minista Ta Sha Man Kifi

Mijina direba ne, amma tun da kuɗin dizal ya yi tashin gwauron zabo bai ƙara tuƙa komai ba sai bakinsa. Motarsa, wata tsohuwar bas mai ƙashin arziki, tana ajiye a can ƙarshen tasha, tayoyinta sun fara sacewa, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin hutu. Shi kuwa kullum yana kan benci tare da sauran direbobin da tsadar mai ta zaunar, rediyo a tsakiyarsu, suna gyara ƙasa. A nan suka raɗa masa suna Minista, kuma wallahi sunan ya karɓe shi har ni a gida nakan manta in kira shi da shi.

Ni kifi nake soyawa a bakin tashar, da ɗan dankali idan ya yi araha. Daga gaban kaskona nake jin duk muhawarar, ko ina so ko ba na so.

"Ƙasar da ba ta iya samar wa motarta abin sha," in ji Minista, yana dukan benci, "ba ta da 'yanci, tuta kawai gare ta! Wani ya yi atishawa a bayan teku, mu a nan mu kwana da mura? Ga rana, ga iska, ga abin da Allah ya binne mana a ƙasa. Mu yi namu!"

Wanda ke tare masa hanya kullum ba bare ba ne, wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya muke ce masa. Yana da shagon kayan gyaran mota a tsallaken titi, mutum ne mai sanyin magana, irin wanda zai soke ka yana murmushi.

"Agogon hannunka a nan aka ƙera shi?" haka Yaya zai ce. "Tayar motarka fa? Babu ƙasar da ke rayuwa ita kaɗai. Saye ba abin kunya ba ne, rashin lissafi ne abin kunya."

Da a ce maganar ta tsaya a benci, da ko a jikina. To amma motar nan gadon mahaifinsu ce, su biyu suka mallake ta. Wata safiya Yaya ya tsallako ya same mu, ya ce ya gaji da kallon dukiya tana ruɓewa. Ya riga ya yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai zo ranar Asabar da hantsi da wutar yankansa.

"In ta tashi ta ɗauki fasinja, ta iya ciyar da kanta, a bar ta," in ji Yaya. "In ba haka ba, a yanka, kowa ya kama gabansa."

Ranar Minista bai je benci ba. Ya shiga motar ya zauna a kujerar direba, ya ɗora hannu a kan sitiyari, bai fito ba har la'asar. Na ji tausayinsa ya kama ni har na ƙona kifi, abin da rabona da yi tun ina amarya. Mutumin nan bai iya komai ba sai tuƙi. Idan aka yanka motar nan, shi aka yanka, ni kuma zan kwashi sauran.

Da yamma 'yarmu ta fari ta biyo ta tashar. A kamfanin sabulu take aiki, a ɗakin da ake gwada mayuka kafin a zuba su a tukunya. Ubanta Uwata yake ce mata, ni kuwa Sarkin Tambaya, don tun tana ƙarama ba ta barin abu ya wuce ta. Ta same ni na ɗauki kasko zan juye baƙin man da ya gama aiki a kwata.

"Mama, tsaya! Kullum haka kike zubar da shi?"

"A'a, sha nake yi," na ce. "Me zan yi da man da ya yi baƙi kamar gindin tukunya?"

Ta tsoma yatsa ta murza, ta dubi motar ubanta, ta sake duban kaskon. Sai na ga idonta ya yi wani irin haske.

"Injin Baba tsohon yayi ne, ba ya da tsirfa. Mama, zai sha wannan."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Amma yarinyar ba wasa take ba. Ta jawo ubanta daga cikin mota ta yi masa bayani: idan aka tace man suya tas, aka kore ruwan da ke cikinsa, aka ɗumama shi ya tsinke, irin wannan injin zai ƙona shi kamar yadda yake ƙona dizal. Ta ce ba ita ta ƙago ba, an daɗe ana yi a wurare. Minista ya tsaya baki buɗe. Can ya cire hula ya jefa sama, bai ma damu da inda ta faɗi ba.

"Man gida!" ya ce. "Uwata, man gida! Matatarmu tana bakin tasha ashe, ni ina can ina nemanta a rediyo!"

Matatar ni ce, in ba ku gane ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda suka wuce ba. Man kaskona kaɗai ba zai kai motar ko bakin titi ba, don haka na ɗauki jarka na bi 'yan'uwana masu suya. Mai kaza ta ba ni tana tambaya ko haukan Minista ya fara yaɗuwa ne. Mai dankali ta ce in ta yiwu a rubuta sunanta a jikin motar. Mai soya nama, wata doguwar mata mai muryar maza, ta ba ni fiye da kowa, nata man mai nauyi, duk kitse. Har gidan abincin da ke bayan tasha na shiga, inda mai gidan ya yi ta godiya don na raba shi da abin da ke toshe masa kwata.

Tsakar gidanmu ta koma masana'anta. Muka zuba man a durom muka bar shi a rana, ƙura da ɓurɓushin kifi suka kwanta a ƙasa. Wajen tacewa yarinyar ta ce ana son ƙyalle mai kauri, mai tsawo. Ban yi wata-wata ba na ɗauko wandon Minista mai kauri, na yanke ƙafafun, na ɗaure bakin kowace, muka rataye su a igiyar shanya muna ɗura mai ta sama yana ɗiga a bokiti. Ya fito ya ga wandonsa yana zubar da mai, ya buɗe baki zai yi magana.

"Sadaukarwa ce don ƙasa," na ce masa. Ya rufe bakinsa.

Saura ruwa. Ita yarinyar tana ta tunanin na'urar da za ta aro a wurin aiki don ta gane ko akwai sauran ruwa a man, ni kuwa na ɗora kasko a wuta na ɗiga masa kaɗan. Ya yi tsartsatsi, alamar da sauran ruwa. Muka dafa man a kan wuta, muka sake gwadawa, har sai da ya kwanta lumui bai ce uffan ba. Ta rungume ni da hannunta duk maiƙo, ta ɓata mini riga, ban ko yi faɗa ba. Man da ya fito ƙarshe ja ne garau, kana hango gindin kwalba ta cikinsa.

Bakaniken tasha ya yi nasa aikin. Ya bar babban tanki na man suya, ya ɗaure wani ɗan galan a bayan kujerar direba na dizal, ya naɗe tiyon man a jikin tiyon ruwan zafi da ke fitowa daga lagireto don ya riƙa ɗumama shi. Ya sa wani ɗan famfo a gefen kujera: ka murɗa hagu dizal, ka murɗa dama man suya. Ɗan dizal ɗin da aka zuba a galan kuwa, yarinyar ce ta yini a layin gidan mai ta samo shi, tana barin wurin suka ja ƙofa suka ce ya ƙare.

Ta tsayar da ubanta a gaban famfon nan kamar ɗalibi.

"Baba, ka ji da kyau. Da dizal za ka tayar da ita. In inji ya yi zafi, ka murɗa dama. Kafin ka kashe ta kuma, ka mayar hagu, ka bar ta ta ɗan yi aiki, dizal ya wanke hanya. In ka kashe ta da man suya a cikinta, zai huce ya yi kauri, ba za ta tashi ba."

"Na ji, Uwata."

"Maimaita mini."

Ya maimaita, amma na ga yadda ya yamutsa fuska da ya zo wurin dizal. Na san mijina. Ɗan galan ɗin nan ya tsaya masa a wuya.

Ranar Juma'a da la'asar muka yi gwaji. An hura tayoyi, an kori kaji, an aro batir. Duk tashar ta taru, har Yaya ya tsallako ya tsaya daga nesa, hannu a baya. Minista ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi kakari, ta girgiza kamar za ta watse, sannan ta kama. Muka shiga, ni da yarinyar da masu suya da duk direban da ya sami wuri. Minista ya bar ta tana ruri har allurar zafi ta hau. Yarinyar ta ɗaga masa kai. Ya sa hannu ya murɗa famfon dama.

Muna jira ta mutu.

Ba ta mutu ba! Ƙarar injin ma sai ta yi laushi. Can sai wani da ke tsaye a baya, kusa da bututun hayaƙi, ya kwala ihu:

"Kifi! Wallahi kifi take fitarwa!"

Ai sai wuri ya kaure. Mai nama ta rangaɗa guɗa har kunnena ya toshe. Minista ya sa giya, muka fita daga tasha muka hau titi, yana danna hon kamar an yi masa haihuwa. Duk inda muka wuce sai mutane su ɗaga hanci suna waige-waige suna neman mai suya. Wani mai babur ya bi mu har shataletale yana tambaya nawa ne yanka. Wani ɗan sanda ya ɗaga hannu zai tsayar da mu, ƙamshin ya buge shi, ya sauke hannun ya bi mu da kallo. Ni da nake zubar da man nan a kwata shekara da shekaru, ga shi yau yana jan mutum fiye da ashirin a kan hawa. Na yi kuka, na yi dariya, na daki kafaɗar mai dankali har ta ce in bar ta haka.

A ƙofar kamfanin sabulu yarinyar ta sauka, don tana da aikin yamma. Ta leƙo ta taga.

"Baba, hagu kafin ka kashe."

"Allah ya yi miki albarka, Uwata, je ki."

Da muka dawo tasha jama'a sun ninka. Aka kewaye motar ana tafi. Minista ya fito ya tsaya a kan matakala, injin yana aiki a bayansa, ya fara jawabi. Ban taɓa jin bakinsa ya yi zaƙi irin na ranar ba. Ya yi maganar rana da iska da matatu, ya ce abin da tasha ta yi yau ƙasa za ta iya yinsa gobe. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Da ya tsaya nan, da an rabu lafiya.

Sai Yaya ya matso, ya leƙa bayan kujera, ya nuna ɗan galan da yatsa.

"Wannan fa? Shi ma a kaskon ƙanwata aka soya shi?"

Aka fashe da dariya. Fuskar Minista ta canza. Na san wannan kallon, shi ne kallon da yake yi kafin ya jawo mana magana.

"Kawo jarka," ya ce da wani direba.

"Malam," na ce, "ka tuna abin da yarinyar nan ta faɗa."

Ko kallona bai yi ba. Ya zare tiyon galan ɗin, ya tsiyaye dizal ɗin kaf a jarka, ya rufe, ya miƙa wa wansa a gaban kowa da hannu biyu.

"Ga man ƙasashen wajenku nan, Yaya, ka riƙe abinka. Daga yau motar nan ko ɗigo ba za ta ƙara sha ba. 'Yanci ba a yinsa rabi da rabi!"

Tasha ta ɗauki sowa. Ya miƙa hannu ya kashe motar, da man suya cike da cikinta. Yaya ya karɓi jarkarsa ya tsallaka titi. Ni kuwa na tattara kaskona raina a ɓace, ina cewa a zuciyata baki shi ke yanka wuya. A gida na yi wa Minista magana, ya ce injin da ya yi wannan zafin ba zai huce kafin safiya ba, mata ba su san inji ba. Na ce haka ne, amma mun san mai.

Da magariba aka tsuge da ruwa, aka kwana ana yi. Gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi.

Da sassafe muka isa tasha. Fasinjoji har sun fara taruwa, don labari ya zaga gari, kowa yana son ya shiga motar kifi. Minista ya hau da sabuwar riga, ya gaisa da jama'a kamar ɗan takara, ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake. Ya sake. Ƙarar tana ƙara yin ƙasa, batir yana mutuwa. Bakanike ya zo ya kwance filtar da ke tace mai ya nuna mana. Man mai nama ya yi halinsa, ya daskare fari fat kamar kitsen da ya kwana a kasko.

Ana cikin haka yarinyar ta iso. Ta dubi filtar, ta leƙa ta ga famfo a dama, ta ɗaga galan ta ji shi fayau. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi.

"Baba, ina dizal ɗin?"

Ya sunkuyar da kai. Mai dankali ce ta ba ta labari, har da kwaikwayon muryarsa.

"To," in ji yarinyar, ta naɗe hannun riga. "Abu biyu muke so. Zafi, da dizal. Mama, zafi naki ne."

Ban jira ta ƙarasa ba. Na ruga na hura wuta, na kwala wa 'yan'uwana kira. Kafin ka ce kwabo duk murhun da ke bakin tashar ya kama, kowace ta sauke kasko ta ɗora tukunyar ruwa. Muka yi layi daga murhu zuwa mota, tukunya na bin tukunya. Muna jiƙa tsummoki da tafasasshen ruwa muna naɗe tiyo, bakanike yana kwance a ƙasa yana nuna mana inda za mu zuba, ruwan yana ɗiga masa a wuya yana salati. Mai nama, da ta ji cewa manta ne ya jawo, ta ɗauko tukunyar da mutum biyu ke ɗauka ita kaɗai. Tururi ya rufe motar. Fasinjoji suka ajiye kaya suka shiga aikin, wata mata mai goyo tana fifita wuta, wani mai kwat da jaka yana matse tsumma. A hankali man ya fara sakin jiki, muna ganinsa yana motsi a cikin tiyo.

Amma dizal ya gagara. An tura mai babur gidajen mai, ya dawo ya ce duk a rufe suke. Direbobin benci kuwa tankunansu sun bushe tun tuni, shi ya sa suke benci. Dizal ɗaya ne a unguwar nan, kuma kowa ya san hannun da yake.

Sai ga Yaya yana tsallako titi, mai ƙarafa a bayansa yana turo tukunyar gas a baro, da tiyon yanka a naɗe a kafaɗa. Mai ƙarafa ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta, yana auna ta da ido. Na ji kamar in watsa masa ruwan da ke hannuna.

"Hantsi ya yi," in ji Yaya. "Ta tashi?"

Na matsa kusa da mijina na yi ƙasa da murya.

"Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka je."

"A gaban mutanen nan?"

"A gabansu ka ba shi."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sauko daga matakalar, ya taka har gaban wansa, ya cire hula. Mutumin da muryarsa ke kaiwa tsallaken titi, yau sai da na kasa kunne na ji shi.

"Yaya, na yi wauta. Jarkar nan nake roƙo. Ba za ta tashi ba sai da ita."

"Man ƙasashen waje?" in ji Yaya.

"Shi."

"Wanda ko ɗigo?"

"Shi, Yaya."

Na zaci Yaya zai ja maganar ya rama duk abin da aka yi masa a benci, kuma da ya yi, ba wanda zai ga laifinsa. Ga mai saye a tsaye, ga mota a mace, abin da ya ce a yi ne ya tabbata. Sai kawai ya juya ya ɗaga buhun da ke cikin baron mai ƙarafa. Jarkar tana ƙarƙashi. Tun daga shago ya taho da ita.

"Tun jiya na san za a yi haka," ya ce. "Kai ba ka taɓa jin magana ba tun kana yaro. Matsa."

Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa mini. Shi da kansa ya juye dizal ɗin a galan, ya murɗa famfo hagu, ya karɓi sifana a hannun bakanike ya sassauta wani noti a jikin injin, yana danna wani ɗan famfon hannu da ke jikinsa har man suya ya gama fita dizal ya biyo baya. Ban taɓa sanin hannunsa ya san cikin motar nan haka ba.

Batir ya riga ya mutu, sai turi. Minista ya hau ya sa giya. Muka jeru a baya, masu suya da direbobi da fasinjoji, yarinyar a gefena, Yaya a ɗaya gefen da singileti. Har mai ƙarafa, da ya ga kowa ya dafa, ya ajiye tiyonsa ya dafa.

"Ku tura!" in ji mai nama. "Ku tura, 'ya'yan albarka!"

Ƙasa ta jiƙe, ƙafafunmu suna zamewa. Motar ta motsa da ƙyar, ta fara gangara, muka bi ta da gudu. Minista ya saki kulochi. Ta yi tsalle, ta yi gum, ta tsaya cak har na buga goshi. Muka ja da baya, muka sake turawa, zanina ya kusa kwancewa ban kula ba. Ya sake saki. Ta yi tari sau ɗaya, ta yi na biyu, ta tofa mana baƙin hayaƙi a fuska, sannan ta ɗauka da wani irin ruri da ya tayar da tsuntsayen tashar gaba ɗaya.

Ihun da aka yi, na tabbata an ji shi a gidan mai. Mai dankali ta zauna daɓas a cikin taɓo tana dariya. Yarinyar ta ruga ta hau, ta tsaya a kan ubanta tana kallon allura, ba ta bar shi ya taɓa famfon ba sai da inji ya yi zafi sosai. Da ƙamshin kifi ya fito, fasinjoji suka yi rububin shiga. Mai ƙarafa ya naɗe tiyonsa, ya ce a kira shi idan an sake yin jawabi.

Na miƙa wa Yaya rigarsa. Bai karɓa ba. Yana tsaye yana kallon motar, hannunsa baƙi ƙirin da mai, idonsa ya kaɗa.

"A ƙofar nan na girma," ya ce da ni. "Baba yana tuƙi, ni ina kiran fasinja. Kin zaci son yanka ta nake? Ganinta a mace ne ba na iyawa."

Minista ya leƙo ta taga. Muryarsa ba irin ta benci ba ce.

"Yaya, ba ni da kwandasta."

Yaya ya dubi shagonsa a tsallaken titi, ya dubi ƙaninsa. Dattijo da furfura, mai shago da yara a ƙarƙashinsa, sai ga shi ya kama ƙarfen ƙofa ya ɗane matakala da ƙafa ɗaya. Ya daki jikin motar da tafin hannu, ya buɗe murya irin wadda ban taɓa jin ta a bakinsa ba:

"Cikin gari! Cikin gari! Saura mutum ɗaya!"

Na dubi kaskona, na dubi rigar da ke hannuna. Na ce da mai kaza ta kula mini da wuta, na tattare zani na shiga.